Tarihin Yaƙi da Dajin Maƙogwaro

Jawabinmu na yau bisa wani ciwo ne wanda yakan fara da abin da kowa ya raina, watau dushewar murya. Mu mutanen Mazanya da Jibiya mun saba da ita. Hunturu ya busa, murya ta dushe. An wuni ana ciniki a kasuwa, ta dushe. Bayan kwana uku ko bakwai ta washe. Amma fa akwai wadda ba ta washewa. Tarihinta nake so in ba ku, domin ku san wahalar da aka sha kafin a sami magani, ku kuma san abin da ya rage gare mu.

In mutum ya ɗora yatsa a gaban wuyansa ya haɗiye yawu, zai ji wani abu mai tauri ya hau ya sauka. Maƙogwaro ke nan. A cikinsa akwai 'yan tantani guda biyu, numfashi ke kaɗa su murya ta fito, kamar yadda bakin algaita ke yi in an busa. Daji kuwa, wanda waɗansu ke kira sankara, tsiro ne na nama wanda ba ya daina girma. In ya fito bisa tantanin nan, ko bai kai ƙwayar gero ba, sai murya ta sāke. In aka bar shi, ya toshe hanyar numfashi da ta abinci, ya kuma yaɗu zuwa kaluluwar wuya.

Yadda aka fara ganinsa

A zamanin da, babu likitan da ya iya leƙa maƙogwaron mai rai. Sai a 1854 wani mai koyar da waƙa, mutumin ƙasar Sifen, sunansa Manuel Garcia, ya so ya ga inda muryarsa ke fitowa. Ya sayi ɗan madubi mai doguwar ƙota irin na masu gyaran haƙori, ya sa shi can ƙuryar bakinsa, ya haska da hasken rana, ya duba a wani madubin da ke hannunsa. Sai ga tantanin nan biyu suna buɗewa suna rufewa. Ba a jima ba likitoci suka ɗauki wannan dabara suna duba marasa lafiya da ita.

Gani dabam, magani dabam. A ranar ƙarshe ta 1873, a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya, wani likita mai suna Billroth ya cire wa wani malami maƙogwaro ɗungum saboda daji. Shi ne na farko. Malamin ya tashi daga aikin, amma ciwon ya komo, ya rasu bayan wata bakwai. A lokacin nan da yawa daga waɗanda aka yi wa wannan aiki ba su tashi, saboda haka mutane suna tsoronsa ƙwarai.

Sarkin da ya yi kwana 99

Ga wani labari wanda ya kamata kowa ya riƙe. A farkon 1887 muryar Yariman Jamus, Firedirik, ta dushe. Mashayin taba ne. Aka ce mura ce, aka yi ta ba shi magani, ba ta washe ba. A watan Mayu likitocin Jamus suka ce daji ne, a yi aiki. Matarsa 'yar Sarauniyar Ingila ce, aka kuma kirawo wani shahararren likita daga Landan, sunansa Mackenzie. Ya tsinko ɗan nama aka duba, ba a ga daji a cikin abin da ya tsinko ba, sai aka fasa aiki. Aka yi ta kai Yarima shan iska daga wannan ƙasa zuwa waccan. Kafin likitoci su haɗa baki a kan daji ne, watan Nuwamba ya yi, tsiro ya girma.

A watan Fabrairu na 1888 numfashi ya gagara, tilas aka huda masa wuya aka sa bututu. A watan Maris ubansa ya rasu, ya hau gadon sarauta ba shi da murya, sai dai ya rubuta abin da yake so a takarda. Ran 15 ga Yuni ya rasu, kwanansa 99 bisa gado. To, ku duba. Ga dukiya, ga manyan likitocin Turai, amma jinkirin 'yan watanni ya rinjaye su duka.

Gashi da haske

A 1895 aka gano hasken nan da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi. Likitoci suka lura yana ƙona tsiron daji, amma yana ƙona nama mai lafiya kuma. Sai a 1922, a birnin Faris, likita Coutard ya nuna cewa in aka raba hasken kaɗan kaɗan, kullum, har makonni, ana iya warkar da dajin maƙogwaro ba tare da an cire shi ba. Shi ne abin da muke kira gashi, kuma har yau bisa wannan dabara ake tafiya. Gashin nan ba da wuta ake yi ba, mai jinya ba ya jin zafi sa'ad da ake haska shi, ko da yake maƙoshi yakan yi ciwo daga baya na ɗan lokaci.

Ina mafarin ciwon?

Wannan ma an daɗe ba a sani ba. A 1950 masana biyu a Ingila, Doll da Hill, suka bi labarin masu dajin huhu, suka tarar kusan dukansu mashaya sigari ne. A 1964 Gwamnatin Amurka ta fitar da rahoto wanda ya haɗa har da dajin maƙogwaro cikin ɓarnar taba. An kuma tabbatar giya tana jawo shi, in ta haɗu da taba kuwa haɗarin ya riɓanya. Daga baya aka gano wata ƙwayar cuta da ake ɗauka wajen saduwa, wadda ke kawo dajin bakin mahaifa, tana kawo daji a ƙuryar baki. A 2023 aka fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 allurar rigakafinta a Nijeriya.

Taba ba baƙuwa ba ce a ƙasarmu. Baturen nan matafiyi, Barth, wanda ake kira Abdulkarim, ya biyo ta Katsina a 1851 da 1853, ya kuwa rubuta cewa tabar Katsina ta yi suna har ƙasashe masu nisa. Kakanninmu sun sha ta a lofe, sun shaƙa, sun kuma gumtsa gari da kanwa. Sa'an nan sigari ya zo, aka buɗe masana'antarsa a Zariya a 1959, daga baya fataucinsa tsakanin Maraɗi da Katsina ya bi ta wannan hanya tamu, har ya zama da araha ga kowane yaro. A 2015 Gwamnati ta kafa doka ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, da sayarwa kara kara. Kada wani ya ce tabar gida ba ta da lahani, ko shisha ruwa ya wanke ta. Duk kanwar ja ce.

Abin da ya rage gare mu

Na taɓa ganin wani magidanci, yaron mota ne a da, ya zo ɗakin shan magani muryarsa ta yi wata takwas a dushe. Ya sha jiƙe-jiƙe, ya je wurin wanzami an yanke masa belu, ya sha ƙwayoyi a kemis. Bai zo ba sai da tuwo ya ƙi wucewa. Na ba shi takarda zuwa babban asibiti, amma ciwon ya riga ya yi nisa. Belu a saman baki yake, tsiron yana can ƙasa inda askar wanzami ba ta kai.

Saboda haka ku riƙe waɗannan alamu: dushewar murya da ta wuce mako uku, wuyar haɗiya ko zafinta, ƙullutu a wuya, ko da ba ya ciwo, ciwon kunne ɗaya wanda ya ƙi tafiya, jini cikin kaki, rama ba dalili. Ba kowa mai waɗannan ke da daji ba, domin tarin fuka ma yakan dushe murya, shi kuwa maganinsa kyauta ne. Likita kaɗai ke iya rarrabewa. In aka tarar da daji tun yana ƙarami bisa tantanin murya, takwas ko tara cikin goma suna warkewa, yawancinsu da muryarsu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ku fara zuwa ɗakin shan magani ko asibitin Jibiya, a ba ku takarda zuwa wurin likitan kunne da hanci da maƙogwaro a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, inda aka buɗe cibiyar jinyar daji a 2025. 'Yan'uwanmu na ƙetaren iyaka kuma an fara yin gashi a Yamai tun 2021.

Wanda ke jinya a gida, a ba shi abinci mai laushi, kunu da nono da ƙwai da romo, kaɗan kaɗan sau da yawa, yana zaune. A raba shi da hayaƙin murhu da na taba. Kada a ware masa ƙwarya, kada a guje shi, daji ba a ɗaukarsa wurin cin abinci ko zama tare. In numfashi ya fara ƙara ko ya yi wuya, a kai shi asibiti nan take, ko da tsakar dare ne. Mai shan taba kuwa, ranar da ya bari ita ce ranar da haɗarinsa ya fara raguwa, ko shekarunsa nawa.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin.