Lambar da Ba a Rubutawa a Jikin Famfo

Mai shan mai a Birnin Kudu ko Gwaram, da mai sayen galan a hannun 'yan bumburutu a Kiyako, abu biyu suke dubawa: nawa ne lita, kuma shin awon ya cika. Akwai abu na uku da ba su da hanyar dubawa, wato lambar okten. A gidajen man Gana direba yana zaɓa tsakanin mai lamba 91 da mai lamba 95. A Burkina Faso sunan fetur ɗin kansa Super 91, don haka duk sanarwar ƙarin farashi sai an ambaci lambar. A Nijeriya kuwa famfo ɗaya ne, an rubuta masa PMS, shi ke nan. Mizanin ƙasa ya tsaya a kan 91, amma da wuya ka ga lambar a rubuce inda mai saye zai karanta. Ga shi kuwa shekara ɗari ke nan ana zuba abubuwa iri-iri a cikin fetur domin ɗaga wannan lamba, kuma waɗanda suka fi ɗanɗana kuɗarsu su ne mutanen da ba a taɓa gaya wa akwai ta ba.

Kafin a shiga tarihi, sai an leƙa cikin inji. Fistin yana matse cakuɗen iska da tururin mai a cikin silinda har ya koma kashi ɗaya cikin takwas, ko cikin goma, na girmansa na farko, sannan fulogi ya ba da tartsatsi. Abin da ake so shi ne wutar ta tashi daga bakin fulogi ta bi cakuɗen daki-daki, kamar yadda wuta ke cin busasshiyar gona daga gefe guda, tana tura fistin ƙasa da ƙarfi mai tsari. Idan matsi da zafi suka fi ƙarfin man, sai ragowar da wutar ba ta iso ba ya kama da kansa ya fashe gaba ɗaya. Wannan fashewa ita ce ƙarar da ake ji kamar ana kaɗa tsakuwa a cikin gwangwani, musamman idan mota ta ɗauko kaya tana hawan tudu a babbar giya. Kada a haɗa ta da abin da bakanike ke nufi idan ya ce inji ya buga. Wancan mutuwar inji ce, galibi saboda ƙarancin baƙin mai. Wannan kuwa ƙwanƙwasa ce, sai dai idan ta daɗe tana cin kan fistin, ta karya ringi, ta ƙona gasket, daga ƙarshe ta kai mota ga bugawar.

Lambar okten ma'aunin juriyar mai ce ga wannan kamawa ta gaban kai. Ba ta auna ƙarfin da ke cikin lita. Barasar itanol, alal misali, lambarta ta haura 100, amma ƙarfin da ke cikin litarta bai wuce kashi biyu cikin uku na fetur ba. Amfanin babbar lamba yana wajen mai ƙera inji: tana ba shi damar ƙara matsi, ƙarin matsi kuwa shi ke fitar da ƙarin ƙarfi daga mai kaɗan.

Wannan ita ce matsalar da ta tsaya wa kamfanin General Motors a wuya bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya. Charles Kettering, shugaban sashen bincikensu, ya ɗora wa wani matashin injiniya mai suna Thomas Midgley aikin nemo abin da zai kashe ƙwanƙwasa. Bayan gwajin sinadarai masu yawa, a watan Disamba na 1921 suka gano cewa ɗan ɗigon wani haɗin dalma yana yin shiru da inji. An fara sayar da shi a garin Dayton na Amurka a Fabrairun 1923 da sunan Ethyl, sunan da aka zaɓa ba tare da kalmar dalma a cikinsa ba. Sun san itanol ma yana maganin ƙwanƙwasa. Sai dai kowane manomi na iya dafa itanol, haɗin dalma kuwa akwai takardar mallakarsa, kuma kowane galan da aka sayar akwai ladan da zai shigo. A Oktoban 1924 ma'aikata biyar suka mutu a matatar Bayway da ke jihar New Jersey bayan sun haukace, wasu da dama suka kwanta asibiti. An dakatar da cinikin na ɗan lokaci, aka kafa kwamiti, aka ci gaba.

Ita kanta lambar a cikin wannan kamfani na Ethyl aka haife ta. Wajen 1927 wani masanin sinadarai, Graham Edgar, ya ɗauko ruwa biyu tsantsa: ɗaya mai tsananin juriya, aiso-okten, aka ba shi 100, ɗaya mai saurin fashewa, hepten, aka ba shi sifili. Fetur mai lamba 91 shi ne wanda a injin gwaji yake jure matsi daidai da cakuɗen kashi 91 na farkon da kashi 9 na biyun. Har yau da irin wannan injin gwaji mai silinda ɗaya ake awon. Darajar lambar ta fito fili a 1940, lokacin da jiragen yaƙin Ingila suka koma shan mai lamba 100, wanda ya ba injinansu damar ƙara matsi a sararin sama.

Nijeriya ta shigo wannan labari a tsakiyarsa. Matatar Fatakwal ta fara aiki a 1965, ta Warri a 1978, ta Kaduna a 1980, kuma daga Kaduna bututu ke kai mai defon Hotoro a Kano, inda tankoki ke ɗauka su bi ta Wudil su nufo kudancin abin da ya zama Jigawa a 1991. Zamanin Fijo 504 ke nan, wadda ake haɗawa a Kaduna, mota mai kafireto da matsakaicin matsi, wadda bakanike ke daidaita mata tayimin da hannu yana kasa kunne. Man da take sha mai dalma ne, domin dalma ita ce hanya mafi araha da matata za ta cike giɓin okten. A daidai shekarun da muke gina matatun nan, Amurka ta riga ta fara janye dalma daga manta. Binciken Clair Patterson na 1965 da na waɗanda suka biyo bayansa ya nuna yadda ƙurar dalmar salansa ke shiga jinin mutane, ta fi yin ɓarna a ƙwaƙwalwar yara ƙanana. Amurka ta kammala haramcin a 1996. Mu kuwa sai a Yunin 2001 ƙasashen Afirka na kudu da Sahara suka haɗu a Dakar suka yi alkawarin dainawa kafin ƙarshen 2005, kuma an cika alkawarin. Aljeriya ce ta ƙarshe a duniya, a 2021.

Mutanen arewa sun san gubar dalma da sunanta tun bala'in ƙauyukan Zamfara na 2010, inda ɗaruruwan yara suka rasu saboda dakan duwatsun zinariya a cikin gidaje. Ta fetur ba ta kashe yara a mako guda, shi ya sa ba a yi mata zaman makoki ba. Amma yaron tasha da ya shekara goma yana tallan rake a bakin salansar motocin haya, da almajirin gareji da ake sa shi ya zuƙo mai da tiyo ko ya wanke ƙarfe da fetur da hannu tsirara, duk sun sha rabonsu, kuma babu wanda ya auna jininsu. A ganina wannan shi ne babi mafi nauyi a tarihin okten a ƙasar Hausa, kuma shi ne wanda aka fi mantawa.

Da aka cire dalma, giɓin da take cikewa bai ɓace ba. Matata mai kayan aiki tana cike shi ta hanyar sake sarrafa man, abin da ke cin kuɗi. Matatunmu kuwa sun yi ta tsayawa, ƙasa ta koma dogaro da man da ake haɗawa a tashoshin ruwan Holan da Beljiyam. A Satumban 2016 ƙungiyar Public Eye ta ƙasar Suwizalan ta fitar da rahoto a kan yadda 'yan kasuwar mai ke haɗa wa Afirka ta Yamma fetur da gas daga ragowar da dokar Turai ba ta yarda a sayar a can ba. Mai haɗa irin wannan mai lissafinsa ɗaya ne: ya samo tushe mai araha, ya ƙara masa wani abu har takardar gwaji ta nuna lambar da ake buƙata.

Abin da ya faru a farkon 2022 ya nuna inda irin wannan lissafi ke iya kaiwa. A watan Fabrairu hukumar NMDPRA ta sanar cewa an shigo da fetur mai sinadarin metanol fiye da ƙima, kamfanin NNPC kuma ya ce jirage huɗu ne, duka daga tashar Antwerp. Metanol ɗan'uwan itanol ne: lambarsa ta haura 100, ga araha, amma ƙarfinsa kusan rabin na fetur ne, yana jan ruwa, yana cin roba da ƙarfen kafireto da na famfon mai. Dokar Turai ba ta yarda ya wuce kashi 3 cikin 100 ba. Shugaban NNPC na lokacin, Mele Kyari, ya bayyana cewa gwajin da aka saba yi a tashar lodi da ta saukewa bai ƙunshi auna yawan metanol ba. Wato man zai iya cin jarrabawar okten sarai alhali yana lalata inji. Motocin Legas da Abuja ne suka fi lalacewa, amma janye man daga kasuwa ya jawo layin da ya shafe makonni a duk faɗin ƙasa, kuma a garuruwa irin su Kiyako dogon layi a birni yana nufin ciniki ya koma hannun masu jarka.

A hannun mai jarka kuma haɗarin ya juya: can an ɗaga lamba da abin da bai dace ba, nan kuwa saukar da ita ake yi. Kananzir lambarsa ƙasa take ƙwarai, don haka kaɗan daga cikinsa ya isa ya sa inji ƙwanƙwasa da hayaƙi. A shekarun da farashin gwamnati na kananzir yake naira 50 fetur kuma naira 97, ribar algus a bayyane take ga duk wanda ya samu kananzir a farashin hukuma. Yau kananzir ya fi fetur tsada, wannan ƙofa ta rufe kanta, saura man da ya kwana biyu a jarka cikin rana. Sassan fetur masu saurin tashi su ne ke fara gudu, kuma suna cikin masu riƙe lambar.

To, wane inji ne abin ya fi shafa? Babur ɗin Boxer, da injin ban-ruwa na masu noman rani a fadama, da ƙaramin janareta, matsinsu bai kai ya buƙaci fiye da 91 na gaskiya ba. Ko an zuba musu 98 ba za su ƙara gudu ba, asarar kuɗi ce kawai. Sai dai ba su da abin kare kansu idan man ya gaza, ga su masu sanyaya jiki da iska, ga zafin Afrilu da ke haura digiri 40, zafi kuwa abokin ƙwanƙwasa ne. Motocin zamani suna da na'urar da ke jin ƙarar ta gaya wa kwamfutar inji ta jinkirta tartsatsi. Inji ya tsira, amma mota ta yi nauyi, ta ƙara shan mai, mai ita yana ta canza fulogi bai san dalili ba. A nan asalin mota yana da muhimmanci. Amurka tana lissafin lambarta daban: 87 ɗinsu ya yi kusa da 91 namu, don haka Corolla ko Camry da aka ƙera wa kasuwarsu ba ta da ƙorafi da manmu idan ya cika mizani. Motar Turai kuwa, wadda muke kira Beljiyam, yawanci a kan 95 aka tsara ta, masu tabo ma wasu sun fi son 98. Wanda zai sayi irin wannan ya buɗe murfin tanki ya duba, sau da yawa lambar tana rubuce a ciki.

Tun Satumban 2024 matatar Dangote ta fara fitar da fetur, kuma da aka cire tallafi a Mayun 2023 gidajen mai sun fara gasar farashi. Da gasa ta zo, sai maganar inganci ta biyo baya. A Fabrairun 2025 wani bidiyo ya karaɗe wayoyi: an zuba lita ɗaya daga gidajen mai biyu a ƙananan janareta biyu, ana duba wanda zai riga mutuwa. NNPC ta yi watsi da shi, ta ce ba gwajin kimiyya ba ne. A wannan gaɓar tana da hujja: janareta biyu ba sa zama ɗaya, kuma daɗewar lita ta fi alaƙa da nauyin man da saitin kafireto, ba ta cewa komai game da okten. Amma mutane ba don jahilci suka yi ta tura bidiyon ba. Agogo da janareta su ne kaɗai kayan gwajin da ke hannunsu. Injin da ke auna okten yana ɗakunan gwaji na matatu da na hukuma, sakamakonsa kuma yana tsayawa a takardun da ke bin jirgi da defo, ba ya isowa jikin famfon Birnin Kudu.