Jeanne Moreau Tsakanin Dandamali da Kyamara

Manazarta fim ɗin Faransa sun saba fara labarin Jeanne Moreau daga 1958, shekarar da Louis Malle ya fito da Ascenseur pour l'échafaud. A ganina wannan hanya ta tauye wa matar haƙƙi, domin tana nuna kamar darakta ne ya tsinto ta ya mayar da ita jaruma. Alhali kafin nan ta kwashe shekara goma tana gogewa a kan dandamali.

An haife ta a birnin Paris a 1928. Tana shekara goma sha tara ta taka rawa a bikin wasan kwaikwayo na Avignon na farko, wanda Jean Vilar ya shirya a 1947. Daga nan ta shiga Comédie-Française, gidan wasa mafi daɗewa a ƙasar, inda ake horar da ɗan wasa kan furuci da numfashi da tsayuwa. Ba ta daɗe ba ta bar wannan inuwa mai sanyi ta bi Vilar zuwa gidan wasa na TNP, ta yi wasa tare da Gérard Philipe. Finafinan da ta yi a wancan lokaci da yawa, amma kaɗan ne ake tunawa da su.

A duba fitowar da ta ɗaukaka sunanta a fim ɗin Malle. Mace ce ke yawo cikin dare a titin Champs-Élysées tana cigiyar masoyinta, ba kwalliya mai nauyi a fuskarta, ba fitilar sutudiyo, sai hasken tagogin kantuna da busar Miles Davis. Yabon yakan tafi ga Malle da mai ɗaukar hoto Henri Decaë, kuma sun cancanta. Sai dai kyamara abin da aka ba ta take ɗauka. Riƙe hankalin mai kallo na tsawon mintuna da tafiya kawai da motsin leɓe, wannan koyo ne na wanda ya saba tsayawa gaban jama'a dare bayan dare, inda ba a cewa a sake ɗauka. Shi Malle ɗin ma a kan dandamali ya kalle ta, cikin wasan Tennessee Williams da Peter Brook ya jagoranta a 1956.

Mai ja da wannan ra'ayi zai ce salon dandamali ɗaga murya ne da faɗaɗa motsi, fim kuwa ragewa yake so. Haka ne. Amma wanda ya mallaki muryarsa shi ke iya sassauta ta yadda ya ga dama, kamar yadda ta yi a La Notte na Antonioni a 1961 da Jules et Jim na Truffaut a 1962.

Hujja mafi ƙarfi ta zo a 1986, lokacin da ta koma dandamali cikin Le Récit de la servante Zerline ƙarƙashin jagorancin Klaus Michael Grüber. Tsohuwar baranya ce ke ba da labarin rayuwarta, kusan ita kaɗai ke magana daga farko har ƙarshe. Wasan ya jawo mata lambar yabo ta Molière a 1988, tana da shekara sittin.