BAUTAR ƘASA KO HIDIMAR ƘASA? WAIWAYE DAGA MUBI

Duk lokacin da takardun kiran yara zuwa aikin yi wa ƙasa hidima suka fito, sai maganar nan ta sake tasowa a majalisunmu, daga Kolere har Sabon Layi: wai shin dole ne sai yaro ya tafi? Wani uba zai ce ɗansa ya gama Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke nan garin, ga shi an tura shi Ebonyi ko Bayelsa, shi kuwa bai ga dalili ba. Wani ya ce ai gara ya je ya ga duniya. To, tun da masu iya magana sun ce waiwaye adon tafiya, bari mu duba inda abin ya samo asali kafin mu yanke hukunci.

Ko sunan aikin ma bakinmu bai zo ɗaya a kansa ba. Wasu su ce bautar ƙasa, wasu su ce hidimar ƙasa. Dattawan da ke jin tsoron kalmar tilas kuwa suna da hujjarsu. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, daga 1942 zuwa 1944, Turawan mulki sun riƙa ɗibar ƙarti daga lardunan Arewa ana kai su haƙar kuza a Jos, abin da aka riƙa kira ɗiban gwamna. Sanyi da yunwa da cuta sun kashe mutane da yawa a can. Kakanninmu da suka taso daga Kano da Katsina da Zazzau da Sakkwato sun zo nan da wannan labari a bakinsu. Amma kuma sun zo da wata al'ada, watau gayya, inda samarin unguwa za su taru a gonar mutum ɗaya. Ita ma gayya akwai ɗan tilas a cikinta, domin wanda ya ƙi fita, ran da tasa ta taso ba zai ga kowa ba. Bambancin shi ne, a gayya mai gona ya san nauyin da ke kansa.

Sa'an nan mu tuna cewa Mubi ba a haife ta cikin Nijeriya ba. Jamusawa ne suka fara mallakar wannan yanki, bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya ya koma hannun Ingila a matsayin ƙasar amana. Sai a ƙuri'ar raba gardama ta watan Fabrairu 1961 mutanen Arewacin Kamaru suka zaɓi Nijeriya da ƙuri'a 146,296, masu son Kamaru kuma suka sami 97,659. Ran 1 ga watan Yuni 1961 aka haɗe, aka kafa Lardin Sardauna, hedkwatarsa nan Mubi. Shekara shida kacal bayan haka, ƙasar da aka zaɓa ta faɗa yaƙin basasa, daga 1967 zuwa 1970.

Wannan yaƙi shi ya haifi shirin da muke magana a kai. Janar Yakubu Gowon ya ga cewa masu ilimin ƙasar ba su san juna ba, kowa abin da aka faɗa masa game da ɗan'uwansa kawai ya riƙe. Saboda haka ran 22 ga watan Mayu 1973 ya fitar da Doka mai lamba 24, wadda ta kafa hukumar NYSC, Kanar Ahmadu Ali ya zama daraktanta na farko. Kada mu ɗauka an karɓi abin hannu biyu-biyu: ɗaliban jami'o'i sun yi zanga-zanga a kai tun kafin dokar ta fito. Duk da haka rukunin farko, mutum 2,364, suka bazu cikin jihohi 12 na wancan lokaci, ana tura kowa wata jiha da ba tasa ba. A 1993 aka sabunta dokar da mai lamba 51, tsarin mulkin 1999 kuma ya ba ta kariya. Wanda ya haura shekara 30 kafin ya gama karatu an ɗauke masa. Ko a Gana ma, inda 'yan'uwanmu ke zaune a zango-zango, a 1973 ɗin aka kafa irin wannan shiri.

Me Mubi ta samu? Ku tambayi duk wanda ya yi sakandare a nan tun zamanin Jihar Gongola. Da wuya ka sami wanda kofa bai koya masa lissafi ko kimiyya ko Turanci ba. A asibiti ma haka, ƙauyuka da dama likitan farko da suka gani mai kakin hidimar ƙasa ne. Yaron da ya taso Ibadan ko Inugu yana jin Arewa duk hamada ce, ya zo ya ga duwatsun Mandara da kogin Yedzaram, ya ga Fali da Gude da Fulani da Hausawa a kasuwa ɗaya. Gani ya kori ji. Da an bar wa kowa zaɓi, mutum nawa ne za su zaɓi garin bakin iyaka irin namu?

Amma gaskiya ɗaya ce, dole mu faɗi ɗaya ɓangaren. A watan Afrilu 2011, cikin rikicin bayan zaɓe, an kashe masu hidimar ƙasa goma a Jihar Bauchi, yaran da aka sa aikin zaɓe. A nan gida, a farkon Oktoba 2012 'yan bindiga suka shiga Wuro Patuji suka kashe mutane da dama, yawancinsu ɗalibai. Ran 29 ga Oktoba 2014 Boko Haram suka kama Mubi, muka watse, wasu suka tsallaka Kamaru a ƙafa, wasu suka nufi Yola, sai a tsakiyar Nuwamba sojoji da maharba da 'yan banga suka ƙwato garin. Sansanin horar da masu hidimar ƙasa na Damare, kusa da Yola, shi ya zama masaukin 'yan gudun hijira. Uwar da ke Legas ta ce ɗanta ba zai zo Adamawa ba, wa zai ga laifinta a lokacin? Shi ya sa a 2021 har aka kai ƙudurin soke shirin gaban Majalisar Wakilai, ko da yake bai zama doka ba.

To, ina muka tsaya? Mu a ganinmu a bar shi dole, domin ciwon da aka kawo maganin dominsa bai warke ba. Ran da aka mai da shi ganin dama, 'ya'yan masu hali za su zauna Abuja, makarantun ƙauye su koma ba malamai. Sai dai dole ta ɗora wa gwamnati nauyi. Wanda ya ɗauki ɗan wani ya kai shi nesa, tsaronsa da masaukinsa da lafiyarsa suna wuyansa. Ƙara alawus daga naira 33,000 zuwa 77,000 da aka fara biya a 2025 abu ne mai kyau, amma kuɗi ba ya mai da rai. Idan babu wannan amana, gayya ta zama ɗiban gwamna.

Mu ma akwai namu. Mu Hausawan Mubi baƙi ne jiya, fatauci da almajiranci da kasuwar shanu suka kawo iyayenmu, masu gari suka ba su wurin zama har muka zama 'yan gida. Bai dace a ce mu ne kan gaba wajen neman hanya a dawo da yaranmu jihar da ke maƙwabtaka ba tare da larurar aure ko rashin lafiya ko tsaro ba. Kuma kofan da aka turo unguwarku, ku san sunansa, ku san inda yake kwana, kada a tsawwala masa kuɗin haya, in ya kwanta ciwo a leƙa shi. Yadda muka riƙe ɗan wani a nan, haka muke fata a riƙe namu a can.

Allah Ya tsare mana su a duk inda suke, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.