Wasulan Igbo a ma'auni: takwas ne, Hausa biyar, Yarbanci bakwai

Daidaitaccen harshen Igbo yana da haruffa 36 bisa tsarin rubutun da kwamitin Onwu ya fitar a shekarar 1961: baƙaƙe 28 da wasula 8. Wasulan su ne a, e, i, ị, o, ọ, u da ụ.

Sun kasu gida biyu, huɗu-huɗu. Gida ɗaya ya ƙunshi e, i, o, u, ɗayan kuma a, ị, ọ, ụ. A kalma ɗaya wadda ba harɗaɗɗiya ba, yawanci wasulan gida guda ne kawai ke zama tare. Shi ya sa ɗigon da ke ƙarƙashin harafi yake sauya ma'ana: "ihu" fuska ce, "ịhụ" kuwa gani, "oku" kira ne, "ọkụ" wuta.

Yarbanci yana da wasulan baki 7, ban da 'yan hanci. Hausa tana rubuta 5, amma kowannensu yana da dogo da gajere, wato sautuka 10, ga kuma tagwayen wasula "ai" da "au". Larabci yana da 3, su ma dogaye da gajeru. Turancin Ingila kuwa yana da sautukan wasali kusan 20, sai dai haruffa 5 ne ke ɗaukar yawancinsu.

Yawan wasula a harshe daban ne da yawan fitowarsu a magana. A nan Igbo ya yi wa Turanci fintinkau, domin gaɓarsa da wasali take ƙarewa, in ban da 'yan wurare da ɗan hanci irin "m" ke rufe kalma. Sunan Chukwuemeka haruffa 9 ne a ƙidayar Igbo, tunda "ch" da "kw" kowanne harafi guda ne, kuma 5 daga cikinsu wasula ne. Kalmar Turanci "strengths" ita ma haruffa 9 ce, amma wasali ɗaya tak gare ta.

Lissafin nan yana da nasaba da harkar mulki. Sashe na 55 na kundin tsarin mulkin 1999 ya amince a gudanar da ayyukan Majalisar Tarayya da Hausa, Igbo da Yarbanci idan an yi tanadin da ya dace. Duk na'urar da ke zubar da ɗigo tana mayar da wasulan Igbo 8 su koma 5 a rubuce. Bahaushe ma ya san irin wannan ruɗani, domin "gari" na mazauna da "gari" na tuwo rubutunsu ɗaya, tsawon wasali ne ya raba su.