Labarin da ba a tilasta maka ji: daga Doom zuwa Destiny

 Ga rubutaccen shirinmu na wannan makon, saboda waɗanda data ba ta ba su damar sauraron murya ba. Yau zan shiga tarihin gem ɗin harbi, irin wanda kake ganin duniya ta idon jarumi, bindiga a gabanka. Shekara talatin ke nan masu ƙera su suna fama da tambaya ɗaya: mutumin da ya zo harbi, ta yaya za ka ba shi labari ba tare da ka ƙwace masa bindigar ba?

Mu fara daga 1993, a kamfanin id Software da ke jihar Texas ta Amurka. Lokacin da suke haɗa Doom, ɗaya daga cikinsu mai suna Tom Hall ya rubuta doguwar takarda ɗauke da sunayen jarumai da tarihin kowannensu. John Carmack, wanda ya gina injin gem ɗin, bai ga amfanin wannan ba. Shi dai gudu da harbi. Hall ya bar kamfanin tun kafin Doom ya fito a watan Disamba, labarin kuma ya ƙanƙance ya koma ɗan bayani a littafin jagora da shafin rubutu a ƙarshen kowane babi. Kuma fa gem ɗin ya karɓu sosai, har mutane da yawa suka ɗauka an gama magana: harbi ba ya buƙatar labari.

Ashe da sauran rina a kaba. A 1994 kamfanin Looking Glass ya fitar da System Shock. Su matsalarsu daban ce. Sun lura cewa duk lokacin da ɗan wasa ya tsaya hira da wani, yana zaɓen amsa daga jeri, zafin wasan sai ya huce. To me suka yi? Suka kashe kusan kowa tun kafin ka iso! Za ka farka a tashar sararin samaniya mai suna Citadel, ka tarar kwamfutar da ke kula da wurin, SHODAN, ta juya wa mutane baya. Abin da ya rage shi ne saƙonnin da mamatan suka bari. In ka ga dama ka ɗauka ka saurara, in ba ka so ka wuce. A ƙarshen shekarar Bungie ta fitar da Marathon a kan Macintosh, inda labarin yake cikin allunan kwamfuta da ke jikin bango. Daga nan aka samu dabarar da ake amfani da ita har yau: a ajiye labari a ƙasa, mai so ya sunkuya.

Half-Life na kamfanin Valve, a 1998, ya bi wata hanya. Ba a tsayar da wasa a nuna maka fim. Jarumin, Gordon Freeman, ko uffan ba ya cewa. Masana kimiyya suna magana a gabanka, kai kuma kana da 'yancin tsayawa ka ji, ko ka juya kana tsalle a kan tebur. Labarin yana gudana, amma ƙafafunka naka ne.

Abin dariyar shi ne, id ɗin da ta yi watsi da takardar Hall ita ce a 2004 ta cika Doom 3 da wasiƙu da saƙonnin murya. Har ta sa wayo a ciki: lambobin buɗe akwatunan harsasai suna ɓoye a cikin saƙonnin. Wato wanda ya karanta, shi zai fi samun makami. BioShock na 2007 ya kai abin ƙololuwa da faifan murya 122 warwatse a birnin Rapture na ƙarƙashin teku. Kana tafiya muryar tana bin ka. Sai dai a nan ne aibin dabarar ya fito fili. Da zarar faɗa ya ɓarke, ƙarar bindiga ta danne muryar, sai ka ga mutum ya maƙale a lungu yana jiran faifai ya ƙare. Ga kuma tambayar da kowa ke yi: wane ne zai ga mutuwa ta tunkaro shi, ya tsaya naɗar murya?

Babban darasin, a ganina, ya zo ne a 2014 da Destiny. Bungie, masu Marathon da Halo, suka rubuta tarihi mai zurfi game da duniyar gem ɗin, suka zuba shi a katunan da suka kira Grimoire. Kana wasa za a ce maka ka samu kati, amma ba za ka iya karanta shi a cikin gem ɗin ba, sai ka je shafinsu na intanet ko manhajar waya. Jama'a suka yi ca, suna cewa gem ɗin ba shi da labari, alhali labarin yana nan, an dai ajiye shi inda ba a zuwa. Ku duba asarar: marubuta sun yi aikin, yawancin masu wasa ba su gani ba. Sai wasu masu YouTube suka mayar da karanta wa mutane katunan sana'a. A 2018, da ƙarin Forsaken na Destiny 2, aka shigar da littattafan tarihin cikin gem ɗin kansa.

Doom na 2016 kuwa ya mayar da rigimar abin raha. Tun a farkon wasan, wani shugaba mai suna Samuel Hayden ya fara yi maka bayani ta allo, jarumin ya ture allon gefe ya kama gabansa. Mai son harbi ya ji daɗi. Mai son labari ma bai rasa ba, domin akwai kundin bayanai a cikin gem ɗin da zai buɗe duk lokacin da ya so. Kuma turewar nan kanta labari ce, ta gaya maka halin mutumin da kake riƙe da shi ba tare da kalma ɗaya ba.

To abin da na ɗauka daga tarihin nan shi ne, labarin zaɓi yana aiki ne idan yana nan inda ƙafarka take, kuma bai hana hannunka aiki ba. In aka tilasta shi, ya zama cikas. In aka kai shi nesa, ya zama kamar babu. Ku da kuke buga PUBG da Free Fire a waya, ku lura: ko a can akwai sunayen jarumai da ɗan tarihinsu, yawancinmu dai wucewa muke yi.

Ku faɗa mini, kuna tsayawa ku karanta, ko kuna cikin 'yan danna a wuce? Sai mun haɗu a shiri na gaba. Ku huta lafiya.