Hannun da Ya Gaji Ma'aikacin Kaset

Ajiyar bayanan kwamfuta a kan zaren maganaɗisu ta fara ne a 1951 da injin UNIVAC I a Amurka, kafin kamfanin IBM ya fito da na'urarsa mai lamba 726 a shekarar da ta biyo baya, kuma tun daga lokacin aka sami wata sana'a da ba a san ta ba a da, wato ta ma'aikacin da ke ɗora zare. Aikinsa shi ne ya karanta saƙon da kwamfuta ta buga, ya nufi kantocin da aka jera faya-fayai, ya nemo wanda ke ɗauke da lambar da aka nema, ya ɗora shi a kan na'ura, ya kuma mayar da shi gurbinsa idan an gama. Faifai guda yakan ɗauki zare mai tsawon ƙafa 2,400, kuma a manyan bankuna da ofisoshin gwamnati irin waɗannan faya-fayai sukan kai dubbai, ta yadda jinkirin ɗan Adam da kuskurensa suka zama babban cikas.

IBM ya gwada maganin matsalar a 1974 da tsarinsa mai lamba 3850, wanda ke ajiye ƙananan kaset a ramuka masu kama da saƙar zuma, amma abin bai bazu ba sai bayan fitowar kaset ɗin 3480 a 1984, wanda ke ɗaukar megabayit 200 a cikin akwati mai kusurwa huɗu da ƙarfe zai iya kamawa ba tare da ya taɓa zaren ba. A 1987 kamfanin StorageTek na jihar Kolorado ya fito da wani rumbu mai siffar da'ira da ke cin kaset kusan 6,000, da hannun mutum-mutumi a tsakiyarsa yana juyi yana ɗauko abin da aka nema.

Abin da ya rage shi ne harshen da za a yi wa wannan hannu magana da shi, kuma a nan ne tarihin ya haɗu da SCSI, ƙa'idar sadarwa tsakanin kwamfuta da na'urorinta wadda ta samo asali daga kamfanin Shugart, aka kuma amince da ita a Amurka a 1986. Bugu na biyu na ƙa'idar, wanda aka kammala a 1994, ya ƙunshi umarnin na'urar sauya kaset, inda aka kasa duk abin da ke cikin rumbu gida huɗu: hannun da ke ɗauka, gurbin ajiya, tagar da mutum ke sakawa ko cirewa daga waje, da na'urar da ke karanta zaren. Kowane ɗaya yana da lambar adireshi, kuma umarnin ɗauka da kaiwa, wanda ke farawa da alamar A5, bayit 12 ne kacal, bayit ɗin kuwa shi ne ma'aunin da ke ɗaukar harafi guda. Biyu daga ciki suna faɗin hannun da zai yi aikin, biyu inda za a ɗauko, biyu kuma inda za a kai. Akwai ma wata 'yar alama a bayit na kusa da ƙarshe da ke cewa a kife abin da aka ɗauko, wadda ba ta da amfani ga kaset, domin an tanade ta ne saboda faya-fayan haske masu fuska biyu.

Wanda ya duba wannan harshe da kyau zai ga cewa aikin tsohon ma'aikaci aka kwafa, har da iyakar saninsa. Hannun bai san abin da ke rubuce a zare ba. Abin da ya sani shi ne ko gurbi cike yake ko wayam, da kuma lambar da ke jikin takardar layukan da aka manna wa kaset, wadda yake bayar da rahotonta idan an aika masa umarnin B8. Idan aka ce ya kai kaset gurbin da wani ya riga ya shiga, sai ya ƙi, ya mayar da lambar da ke nufin wurin a cike yake. A rumbuna da yawa ma ba ya iya zare kaset daga na'urar karatu sai an fara ba ita na'urar umarni dabam ta nannaɗe zaren ta tofo shi, domin su biyun ba sa magana da juna, kowa da hanyarsa zuwa kwamfuta. Wannan rarrabuwa ce ta fi yawan rikita sababbin masu kula da tsarin, sai kuma bambancin ƙirga, tun da wani kamfani yakan fara lambobin gurabe daga 4096 alhali manhajar mtx, wadda Leonard Zubkoff ya fara rubutawa, aka kuma saba amfani da ita a Linux, tana ƙirga gurabe daga 1, na'urorin karatu kuma daga sifili.

Kaset ɗin kansa ya sauya ƙwarai, domin samfurin LTO da ya fito a 2000 da gigabayit 100 ya kai terabayit 18 a zubi na tara a 2021. Kamfanin Sun ya sayi StorageTek a 2005, Oracle kuma ya sayi Sun a 2010, amma umarnin da ke motsa hannun a rumbunan yau yana nan da alamar A5 da bayit ɗinsa 12, har da alamar kife faifai da kusan babu mai taɓa ta.