Sunan "Katsina" a Taskokin Tarihi: Waɗanda Ya Haɗa da Waɗanda Ya Raba

Tsakure

Wannan maƙala ta bi sawun mutanen da takardun tarihi suka tara a ƙarƙashin sunan ƙarshe guda, wato Katsina, tun daga rubuce-rubucen Larabci na malaman birnin har zuwa fayilolin mulkin mallaka da na bayan samun 'yanci. An gano cewa sunan gari yake nunawa, jini kuwa sai ta wata hanya ake gane shi. Mai binciken da ya jera takardu bisa sunan ƙarshe zai tara bare wuri guda, ya kuma warwatsa 'yan uwa na ciki ɗaya. Maƙalar ta kawo shawarar a dogara da nasaba da sarauta da unguwa wajen danganta takarda da gida.

1.0 Gabatarwa

Tsarin jera sunaye da ake bi a taskokin adana tarihi na Nijeriya daga Ingila aka gaje shi, inda ɗa kan ɗauki sunan ƙarshe na ubansa, jika ma ya ɗauka, har tattaɓa kunne. Da wannan tsari aka kafa taskar ƙasa a Ibadan a 1954 ƙarƙashin Kenneth Dike, daga baya aka buɗe rassa a Enugu da Kaduna. A ƙasar Hausa kuwa sunan yanka na uba shi ne ke bin na ɗa, ya kuma sauya a kowane tsatso. Idan mutum ya bar gida sai a kira shi da sunan garinsu. An zaɓi Katsina a wannan bincike domin sunan ya daɗe yana yawo a takarda, cikin harsuna uku, a ƙasashe da dama.

2.0 Al-Kashinawi a Rubutun Malamai

Wanda ya duba jerin marubutan tsakiyar Bilad al-Sudan da John Hunwick ya wallafa a 1995 zai ci karo da malamai da yawa masu nisbar al-Kashinawi. Uku daga cikinsu sun isa misali.

Na farko Muhammadu ibn al-Sabbagh, wanda Katsinawa suka sani da Ɗan Marina, malamin ƙarni na 17 da ya yi waƙar yabo ga Mai Ali na Barno kan nasarar da ya yi a kan Kwararrafa. Na biyu almajirinsa Ɗan Masani, wanda ya rasu a 1667. A cikakken sunansa akwai nisba biyu, al-Barnawi sannan al-Kashinawi: asali Barno, haihuwa da zama Katsina. Na uku Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Kashinawi, masanin hisabi da hatimai, wanda ya tafi aikin Hajji bai dawo ba. A Alƙahira ya rasu wajen 1741, a gidan Hasan al-Jabarti, mahaifin marubucin tarihin Masar Abdurrahman al-Jabarti, kuma ɗan ya ambace shi a littafinsa.

Tsakanin na ɗaya da na biyu akwai alaƙar malami da almajiri. Na uku Bafulatani ne da ya zo bayansu da kusan ƙarni guda. Babu wata takarda da ta haɗa su a kaka ɗaya, amma a jerin da aka tsara bisa harafin sunan ƙarshe za a gan su kafaɗa da kafaɗa kamar 'yan gida ɗaya.

Akwai kuma wanda jerin zai tsallake gaba ɗaya. Muhammadu ɗan Ahmad al-Tazakhti, wanda ake dangantawa da waliyyin nan Ɗan Takum, ya yi alƙalanci a Katsina, a can kuma ya rasu wajen 1529, kamar yadda Ahmad Baba na Timbuktu ya kawo a tarjamarsa. Da yake nisbarsa ta garin da ya fito ce, mai neman "al-Kashinawi" ba zai same shi ba, alhali yana cikin ginshiƙan tarihin ilimi na birnin. Dalilin a fili yake: nisba ta fi amfani ga wanda ya yi nisa da gida. Baƙo a Katsina da garinsu ake kiransa, Bakatsine kuma sai ya isa Makka ko Masar ake buƙatar a ce masa al-Kashinawi.

3.0 Makarantar Boko da Rajistar Turawa

Da aka buɗe Kwalejin Katsina a 1922, ɗalibai suka taho daga larduna daban-daban, masu suna Muhammadu da Abubakar da Ahmadu kuwa ba su ƙirguwa. Hanya mafi sauƙi ga mai riƙe da rajista ita ce ya liƙa wa yaro sunan garinsu. Haka Sardaunan Sakkwato ya fara bayyana a takarda da sunan Ahmadu Rabah kafin ya koma Ahmadu Bello, yana jingina kansa da kakan mahaifinsa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Abubakar Imam ma an san shi da Abubakar Kagara da farko, yayansa kuwa, marubucin Ganɗoki, ya ci gaba da zama Bello Kagara. 'Yan uwa ne uba ɗaya, amma ɗaya yana ƙarƙashin harafin I, ɗaya ƙarƙashin K.

Gidan sarautar Katsina na yanzu ya fi kowane misali fito da matsalar fili, don haka ya kamata a tsaya a kansa. Turawa suka naɗa Muhammadu Dikko, Basulluɓe, a 1906, bayan sun tuɓe Sarki Yero na gidan Dallazawa, zuriyar Ummarun Dallaje. Dikko ya rasu a 1944, ɗansa Usman Nagogo ya gaje shi har 1981, sai Muhammadu Kabir Usman har 2008, sai Abdulmumini Kabir Usman. Uba da ɗa da jika da tattaɓa kunne ke nan, amma sunan ƙarshe ya tashi daga Dikko zuwa Nagogo zuwa Usman. Wani ɗan Nagogo, Janar Hassan Usman Katsina, wanda ya zama gwamnan soja na Jihar Arewa a 1966, takardun soja da na gwamnati da sunan Katsina suka san shi. M. D. Yusufu, Sufeto Janar na 'yan sanda daga 1975 zuwa 1979, shi ma ɗan gidan Dikko ne, yana can ƙarƙashin harafin Y. Gida ɗaya ya watsu a haruffa biyar, kuma Janar Hassan kaɗai zai faɗo kusa da su Ɗan Marina, waɗanda babu abin da ya haɗa shi da su sai ganuwar birni.

Ba a ce babu sunan da ya zauna ya zama na gado ba. 'Yar'aduwa unguwa ce a cikin birnin Katsina, amma tun daga Musa 'Yar'aduwa, ministan harkokin Ikko a Jamhuriya ta Farko, zuwa 'ya'yansa Shehu da Umaru, sunan ya zama tambarin gida. Sai dai irin wannan sabon abu ne na ƙarni na 20. Duk wanda ya ɗauke shi ya auna takardun ƙarni na 19 da shi zai yi kuskure, haka ma wanda ya ɗauka duk mazaunin unguwar ɗan gidan ne.

4.0 Inda Takardun Suke

Ko da an gane mutumin, sai an san inda aka ajiye takardarsa. Katsina tana ƙarƙashin Lardin Kano har 1926, ta koma Lardin Zariya, sannan ta zama lardi mai zaman kanta a 1934. Saboda haka rayuwar hakimi ɗaya na iya rabuwa a tsakanin fayilolin lardunan nan uku, wato KANOPROF da ZARPROF da KATPROF, da kuma na SNP a taskar Kaduna. Rubutun sunan ma ya bambanta: cikin Turawa matafiya Clapperton ya rubuta Kashna, Barth ya rubuta Katsena, masu kwafar littattafan Larabci kuma suna da nasu. Injin bincike na kwamfuta zai rasa waɗannan, ya kwaso Katsina-Ala ta Binuwai.

A tsallaken iyaka akwai wata Katsinar. Sarakunan da jihadi ya fitar daga birnin wajen 1807 sun kafa Maraɗi, har gobe kuma Sarkin Katsina ake ce wa mai sarautar can. Takardunsu na zamanin mallaka da Faransanci aka rubuta su, suna Yamai da Dakar da Aix-en-Provence. Wasiƙar da ta ambaci "Sarkin Katsina" a ƙarni na 19 tana buƙatar a tantance wanne ake nufi, domin a lokacin gidajen biyu yaƙi suke yi da juna.

5.0 Ma'aunin Danganta Takarda da Gida

Yusufu Bala Usman, a nazarinsa na tarihin Katsina da aka buga a 1981, ya nuna yadda ƙaura da sana'a da auratayya suka gina al'ummar ƙasar, ya kuma ja kunne kan jefa mutane cikin rukunan ƙabila da aka yanka tun kafin a duba hujja. Wannan jan kunne ya hau kan sunan ƙarshe daidai wa daida.

Ra'ayin wannan maƙala shi ne kada a jingina takarda ga wani gida sai an sami nasaba mai hawa uku aƙalla, wane ɗan wane ɗan wane, irin wadda malamai kan rubuta a ƙarshen littafin da suka kwafa da kuma cikin ijaza. A haɗa da sarauta, domin Turawa sun fi rubuta hakimi da sarautarsa, Durɓi ko Kaura ko Yandaka, sai a lura da shekarar takardar don a san wanda ke kan kujerar a lokacin. A haɗa da unguwa ko ƙauye. Littattafan shari'a na kotunan alƙalai, musamman na rabon gado, sun fi kowace takarda amfani a nan, saboda shari'a ta tilasta a ambaci kowane magaji da matsayinsa ga mamaci. A cikinsu ne kuma ake samun sunayen mata da 'ya'ya mata, waɗanda rajistar makaranta da jerin ma'aikatan En'e suka yi shiru a kansu. Yawancin waɗannan littattafai da rubutun hannu na Larabci suke, ba a kuma yi musu jerin sunaye ba, don haka aikin da ke gaban masu kula da taskokin Kaduna da Katsina shi ne su fitar da kowane suna da ke cikinsu tare da na ubansa da na kakansa, kafin gara da damina su cinye abin da ya rage.